Kawuna Da Kekunansa

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mutanen ɗakin kwananmu, akwai wata magana da na daɗe ina neman hanyar gyara ta. Da Malamin Hausa ya ce kowa ya kawo abin da za a buga a mujallar bana, sai na ce to, ga hanya ta samu. Tun muna aji uku nake ba ku labari da dare bayan an kashe fitila, cewa kawuna zakaran tseren keke ne a Turai, har na ce kofunan da ya ciwo sun cika kabad guda. Waɗansunku sun gaskata ni, waɗansu kuwa sun yi shiru don kara. To, maganar ba haka take ba. Gaskiya ne ya yi tseren keke a ƙasar Beljiyam har shekara shida, amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa na ɗaya ba, ko na biyu, ko na uku. Kofi kuwa, in ba na shan shayi ba, babu ko ɗaya a gidansa.

Abin da ya jawo ƙaryar hoto ne guda ɗaya. Yana nan rataye a ɗakin kakata, a ƙauyenmu na ƙasar Daura, sama da jeren kwanoninta. A cikinsa ga wani mutum taɓo ya rufe shi tun daga hula har takalmi, ba ka ganin kome sai idanu da haƙora, ya saɓa keke a kafaɗa yana hawan wani tudu a guje. Kowane baƙo ya shigo sai ya tambaya, ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum: "Auta ne. Mun aika shi neman ilmi, ya je ya iske garin da mutum ke goya keke. Mu dai a nan keke ke goya mutum." Ni kuwa da na dubi hoton sai na ce a raina, ai ba mai shan wannan wahala sai wanda ake ba kofi. Sauran labarin duk ni na ƙera shi.

A dogon hutun da ya wuce Inna ta tura ni wurinsa in yi mako uku, don ya taimake ni da lissafi. Ƙaninta ne, shi ne autansu, yanzu yana koyar da ilmin ƙasar noma a wata kwaleji. Daren da na sauka, muna cin tuwo, na kasa haƙuri na ce, "Kawu, ina kofunan?" Ya ce, "Waɗanne?" Na ce na tsere. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka miƙo masa ruwa. Da ya natsu ya shiga ɗaki ya fito da wani babban gwangwanin madara, ya zazzage shi a tabarma. Lambobi ne irin waɗanda 'yan tsere ke maƙalawa a bayan riga, duk sun yi dauɗa. A bayan kowace ya rubuta kwanan wata da sunan ƙauye da matsayin da ya zo. Na ɗauki ɗaya, na 41. Na ɗauki wata, na 36. Wata kuma an rubuta "ban ƙarasa ba". Na ƙidaya su, 63. Na bi su ɗai-ɗai ina neman ƙaramin matsayi, mafi kyawun da na samu shi ne na 9. Kunya ta kama ni, ba don shi ba, don ku da zan komo in tarar. Ya lura, ya ce, "Kai yaro, me ka je ka gaya wa mutane?" Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in same shi da safe a rumfar bayan gida.

Kafin in kai ku rumfar nan, bari in bayyana irin tseren, domin ba mu da shi a nan. Turawan Ingila da na Faransa suna kiransa saikulo-kuros. Mutanen Filandas, watau arewacin Beljiyam inda Kawu ya zauna, suna cewa veldrijden, ma'anarsa tuƙi a cikin gonaki. Shi dai kuros kawai yake cewa. Ku ɗauka gudun kuros-kantirin nan ne da ake tashinmu da asuba mu yi, amma da keke. Akan sami makiyaya ko gefen daji ko filin wani ƙauye, a shata hanya da turaku da igiya, tsawonta kilomita 2 da rabi zuwa 3 da rabi, a yi ta zagaya ta. Manyan gwanaye awa guda suke yi. 'Yan sha'awa irin su Kawu, waɗanda ba sana'arsu ke nan ba, nasu bai kai haka ba. A cikin zagaye ɗaya za ka bi ta ciyawa, da taɓo, da rairayi, da gangare, wani wurin da matakala, wani wurin kuma a gitta katako biyu waɗanda tsayinsu bai wuce santimita 40 ba. Inda keke ba ya tafiya sai ka diro yana cikin gudu, ka saɓa shi, ka ruga, ka sake ɗarewa ba tare da ka tsaya ba. Abin mamaki kuma, ba su yinsa sai da sanyi, daga Satumba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ke zuba ba ji ba gani, wani lokaci har da ƙanƙara.

A Faransa aka fara shi, a can aka yi gasar ƙasa ta farko a 1902. Masu tseren kwalta ne suka riƙe shi don kada jikinsu ya mutu da hunturu. Gasar duniya ta farko a Faris aka yi ta a 1950, wani Bafaranshe mai suna Jean Robic ya ci. Amma yau gidansa Beljiyam ne da maƙwabciyarta Holan. Erik De Vlaeminck na Beljiyam ya ci gasar duniya sau 7 tsakanin 1966 da 1973, ba a kuwa sami namijin da ya kamo shi ba sai a 2025, da Mathieu van der Poel na Holan ya ci nasa na bakwai. A mata, Marianne Vos, ita ma 'yar Holan, ta ci sau 8. Waɗannan su ne masu kabad.

A rumfar kekuna biyu na tarar. Ɗaya na san shi, baƙin Raleigh ɗin marigayi kakanmu ne, mai birkin ƙarfe da faffaɗan sirdi. Ɗayan siriri ne, shuɗi, fentinsa ya koɗe, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ba madigadi, ba kariya, ba ƙararrawa, ba ma ƙafar da za a tsai da shi, jingine yake da bango. Kawu ya dafa shi ya ce, "Kekunan tsere uku na hau. Wannan shi ne na farko, shi ne kuma na ƙarshe." Amma da Raleigh ya fara labarin.

Yana ɗan shekara 12 kakanmu ke aikensa kasuwa a kansa, da rabin buhun gero ɗaure a kariya. Ƙafarsa ba ta kai feda daga sirdi, sai ya zura ta ta ƙarƙashin sanda, kamar yadda yawancinmu muka koya. Hanyar kuwa burtali ce, rairayi har idon sawu. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a rairayi ya san abin da ke biyo baya: tayar gaba ta nutse, kai ya murɗe, ka sha ƙasa. Bayan ya zubar da gero ya sha faɗa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, jikinsa ya gane dabarar da kansa. Ka mai da nauyinka baya. Kada ka ƙanƙame kan keke, ka sakar masa ya bi sawun wanda ya riga ka wucewa. Kada kuma ka daina murza feda ko na ƙiftawar ido. Ba wanda ya gaya masa wannan gwaninta ce, shi dai gudun faɗa yake yi.

A 2009 ya sami gurbin ƙaro ilmi a birnin Gent. Ya ce can kowa da kekensa, malamai da ɗalibai har da tsofaffin mata. Shi ma ya sayi wani kwance na zuwa aji. Kun san mu nan duk abin da aka yi amfani da shi aka kawo daga waje ɗan Beljiyam muke ce masa, to, shi ya hau ɗan Beljiyam a cikin Beljiyam. A ƙasan benen da yake haya akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. Kullum yana bakin garejinsa yana taɓa kekuna. Ran nan sarƙar Kawu ta tsinke a ƙofar gida. Kafin dattijon ya ɗauko kayan aiki ya iso, Kawu ya riga ya haɗa ta da ƙusa da dutse, yadda masu facin bakin kasuwarmu suke yi. Tsohon ya tsuguna ya duba, ya kaɗa kai. Abin da ya haɗa su ke nan. Shi ba ya jin Ingilishi sosai, Kawu ba ya jin yarensu, amma maganar keke rabinta da hannu ake yi.

Ranar 1 ga Nuwamba ta wannan shekara, wadda ranar hutu ce a can, dattijon ya ɗauke shi zuwa kusa da garin Oudenaarde, inda ake tsere a wani tudu mai suna Koppenberg. Tudun gajere ne amma a miƙe yake, hanyarsa kuwa duwatsu aka jera. Ya tarar da dubban mutane sanye da takalman ruwa, sun biya kuɗi don su tsaya a cikin taɓo, suna cin soyayyen dankali suna kiran sunan Sven Nys, wanda ya ci gasar duniya a 2005, ya kuma sake ci daga baya a 2013. Kawu ya ce da farko ya ɗauka taɓin hankali ne ya sami gari guda. Sai ga 'yan tsere sun iso gabansa. Ya ga mutum ya sauka daga keke, ya ruga, ya koma kai, bai iya cewa ga inda tuƙi ya ƙare gudu ya fara ba. A hanyar komawa gida ya tambayi dattijon ko irinsa zai iya.

Shuɗin keken nan na dattijon ne, wanda ya yi nasa tseren da shi tun wajen 1980. Na ƙarfe ne. Kawu ya nuna mini abin da ya bambanta shi da keken tseren kwalta, don ni a idona duk ɗaya ne. An bar fili sosai tsakanin taya da jikin keken, domin taɓo ya sami wurin wucewa. Birkinsa ma a buɗe yake saboda haka. Wayoyin birki da na giya ta saman sanda aka bi da su, don kada su ci maka kafaɗa in ka saɓa. Tayar tana da ƙuraje, kuma a manyan gasa doka ta hana faɗinta ya wuce milimita 33. Iska kaɗan ake ba ta, har kana iya lotsa ta da babban yatsa, don ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Mu nan kuwa sai mun ji taya ta yi tauri kamar dutse muke sallamar mai famfo.

Tserensa na farko a Oktoba 2010 ne, a wata makiyayar shanu. Ya ce warin kashin shanun ne kaɗai abin da ya sani a wurin. Shi kaɗai ne baƙar fata a layi, yara suka yi ta kallonsa. Wani da ya sha ya bugu ya riƙa ɗaga murya yana faɗin wata magana duk sa'ad da ya wuce. Da ya tambayi dattijon ma'anarta, sai ya ce bai ji ba. Amma da yawa, da suka ga shi ne a baya, suka riƙa yi masa tafi fiye da na gaba. Yatsunsa suka sandare har ya kasa matsa birki, ya faɗi sau biyar, na gaba suka kewayo suka wuce shi har sau biyu. Mutum ɗaya ya bari a baya, shi ma don tayarsa ta fashe ne. Wannan ita ce lamba ta 41 da na fara ɗauka. Tun daga ranar ya san ba kofi zai nema ba. Burinsa ɗaya ne, ya gama tsere ba a kewayo an wuce shi ba. Sai a hunturu na biyu ya samu.

Kamar kowane ɗan koyo, ya ɗora laifin a kan keke, ya ce nauyi gare shi. Ya yi wanke-wanke a wani gidan abinci duk lokacin zafi, ya sayi Ridley kwance, ƙirar Beljiyam, na alminiyam, wanda ya fi shuɗin sauƙi da kusan kilo 2. Amfanin da ya samu bai tsaya ga nauyin ba, ya zama yana da keke biyu. A kuros akwai wani wuri a gefen hanya da aka keɓe don sauya keke. Taɓo yana taruwa a jikin keke har ya ƙara masa nauyi, wani lokaci taya ta ƙi juyawa sam. Saboda haka in ka iso wurin sai ka saki mai dauɗa, mutuminka ya cafe, ya miƙo maka wankakke. Manya suna da kekuna da yawa da ma'aikata masu injin feshin ruwa. Kawu kuwa dattijo ɗaya gare shi, da bokiti da buroshi, hannu cikin ruwan sanyi. Da yammacin kowace Laraba kuma tsohon ya kai shi wani fili, ya gitta katako, ya sa shi sauka da hawa har duhu ya yi. Matsayinsa ya taso daga arba'in da wani abu zuwa wajen talatin.

A Janairu 2012 aka yi gasar duniya a Koksijde, wani gari na bakin teku mai tuddan rairayi. Mutane fiye da 60,000 suka je, Kawu yana cikinsu. Niels Albert ya ci, 'yan Beljiyam kuwa su suka kwashe na ɗaya har na bakwai. Amma abin da Kawu ya ɗauko daga can daban ne. Ya tsaya a gindin wani tudun rairayi yana kallo, sai ya ga gwanayen duniya sun mai da nauyi baya, sun sassauta hannu, suna bin sawun juna, ba su daina murza feda. Ya ce har ya yi magana da Hausa shi kaɗai a cikin taro, ya ce, "Ashe burtalinmu ne!" To, kun san aikinsa nazarin ƙasa ne. Ya koma ya buɗe taswirar ƙasar noma ta Filandas, wadda da ma da ita yake karatu. Kudu ƙasa ce mai danƙo, in ta sha ruwa sai ta riƙe taya. Arewa maso gabas, yankin da suke kira Kempen, jigawa ce. Daga nan ya riƙa zaɓen ƙauyukan da zai je tsere da taswira. In kun ga lamba mai ɗan kyau a gwangwanin nan, ku duba sunan ƙauyen, na jigawa ne.

Da ya zo kan keke na uku sai muryarsa ta sauya. A 2010 hukumar tseren keke ta duniya ta yarda a yi kuros da birki mai faifai, irin na babur, wanda taɓo ba ya hana shi ci. Bayan 'yan shekaru ya fara yawa, tare da kekunan kabon, watau wani irin zare da ake haɗawa da danƙo ya daskare, ba nauyi ga tauri. A 2013 Kawu ya ga wani a shago, kilo 8, yana ɗaga shi da yatsu biyu. Ya yi wata uku yana wucewa ta gaban shagon. Yana da wasu kuɗi da ya tara don a yi wa ɗakin kakata rufin kwano. Ya sayar da Ridley, ya haɗa da kuɗin rufin, ya saya. Ya aiko gida cewa a yi haƙuri sai baɗi. Daminar da ta biyo ɗakin ya yi yoyo, har sai da aka kwashe kayanta aka kai ɗakin Inna. Ni ina tuna wannan, ina ƙarami, ina tuna kwanonin da aka jera a ƙasa suna tarar ruwa. Ban taɓa sanin keke ne ba.

Na tambaye shi, to, ya yi gudu? Ya tura mini lambobin wannan hunturu: na 27, na 30, na 26, na 29. Daidai da na bara. Ya ce keken ba shi da laifi, ya fi duk abin da ya taɓa hawa. Shi ne ya kasa. Duk kwanar da ya tunkara sai ya tuna kuɗin da ke ƙarƙashinsa, ya matsa birki tun da sauran nisa. Kuros kuwa wasa ne da ba a yinsa sai an yarda za a faɗi. A tsere na bakwai ƙasa ta daskare, tayarsa ta faɗa wani sawu, ya je ya daki turke. Shi bai ji ciwo ba, amma jikin keken ya tsage. Kabon ba a yi masa walda, masu gyaransa daban ne, kuɗin da suka nema kuwa ba shi da su. Ya sayar da shi a hakan, ya yi wata shekarar wanke-wanke, aka yi rufin. Na ce ko in ɓoye wannan kada in rubuta, tun da Inna za ta karanta wa kakata mujallar. Ya ce in rubuta, ya riga ya faɗa mata tun da ya dawo, ta ce da ma ta san ba littafi ne ya ci kuɗin ba.

Haka ya komo kan shuɗin. A lokacin dattijon ciwon ƙirji ya kama shi, likita ya hana shi tsayuwa cikin sanyi. Ba mai wanki, ba keke na biyu. Suka zauna a gareji suka yi shawara. Abin da taɓo ya fi ɓatawa a keke shi ne ɗan ƙarfen nan na baya mai sauya giya, yana tara ciyawa da laka har ya karye, ya kuwa taɓa karye wa Kawu sau biyu. Suka cire shi, suka cire wayoyinsa, suka rage sarƙa, suka bar giya ɗaya tak. Watau dai suka mai da shi ɗan'uwan Raleigh. A miƙaƙƙiyar hanya ana wuce shi, yana ta murza feda kamar mai kaɗa miya. A tudu tilas ya sauka ya ruga. Amma ba abin da zai tsaya tunani a kai, ba kuma abin da yake tsoron ya lalace.

A Disamba 2015, a wani ƙauye na Kempen, aka shata hanya mai dogon rairayi har wuri biyu. Ya ce a kowane zagaye yakan shiga rairayin a bayan mutum huɗu ko biyar. Sai ka ga na gaba ya ƙanƙame kai ya karkace, na biye ya yi karo da shi, duk su diro suna ja. Shi kuwa ya ratse ta gefe a kan sirdi. Su kamo shi a kan ciyawa, ya sake barinsu a rairayi. Zagaye na ƙarshe ba su kamo shi ba. Da aka liƙa takarda ya ga na 9, ya karanta sau uku. Bai tsaya wanka ba, ya shiga jirgin ƙasa da taɓonsa, ya je ya ƙwanƙwasa wa dattijon ƙofa ya miƙa masa lambar. Da zai dawo gida a 2016 ya kai masa kekensa. Tsohon ya ce ya tafi da shi, in ya bari 'ya'yansa bola za su kai. Ya mai da masa lambar kuma. Bayan shekara biyu aka rubuto cewa ya rasu.

Sauran hutun, in mun gama lissafi da la'asar, sai mu tafi wani fili a bayan kwaleji, inda akwai kwari da ɗan rairayi da wata kududdufa. Kawu ya gitta rassan darbejiya biyu. Saukar ba ta ba ni wuya ba, kana wurgo ƙafar dama ta baya ne ka dira da gudu. Hawan ne aiki. Kana cikin gudu za ka yi tsalle ka sauka a kan sirdi da cikin cinya. In ka kuskure wurin saukar, ba sai na yi bayani ba, maza sun gane. Yara masu kiwon awaki suka mai da ni silima.

A rana ta uku tsidau ya huda mini taya, muka tura zuwa wurin mai faci. Ya duba ya ce tayar ma ta kusa mutuwa, bari ya sa mana sabuwa, ai 28 ce. Kawu ya ce ya gwada. Ya ɗauko irin ta Raleigh ya sa, sai ga ta tana lilo a kan rim. Ashe duka biyu inci 28 ake ce musu, amma rim ɗin Raleigh milimita 635 ne, na keken kuros 622. Mai faci ya ce shekararsa ashirin yana aiki bai san wannan ba. Jikin keken kowane mai walda zai iya gyarawa, shi ya sa ma Kawu ya yarda ya biya kuɗin ɗauko shi, amma tayoyi masu ƙuraje biyu kacal suka rage masa a ajiye. Saboda haka ya yanke cewa shuɗin sai ranar Juma'a, sauran kwanaki da Raleigh zan koya. Jama'a, ku gwada saɓa Raleigh a kafaɗa ku tsallake reshe a guje. Har yanzu akwai tabo.

Ana gobe zan tafi na ce mu yi tsere, zagaye uku. Na ce in ya isa ya ba ni shuɗin, shi ya hau Raleigh. Ya naɗe ƙafar wando ya ce to. Mutumin nan ya haura arba'in, ga tumbi ya fara. A kan ciyawa na bar shi nesa, har ina waiwaye. Da na shiga rairayi na ƙanƙame kai, duk abin da ya gaya mini ya gudu, na tsaya cik. Sai na ji ƙararrawa a bayana, ƙiriring, ya wuce a zaune kamar mai zuwa kasuwa, har da ce mini sannu da aiki. Haka ya yi mini sau uku.

Ya ce shuɗin zai zama nawa in na cika sharaɗi biyu: in ci lissafi da kyau a jarrabawar fita, in kuma hau shi a guje sau goma a jere ba kuskure. Na kai huɗu. Na roƙe shi ya ara mini lamba ta 9 in zo in nuna muku, ya ce wannan ba ta fita daga gwangwani. Ta 41 ya ba ni. Tana cikin akwatina, har da busasshen taɓon makiyayar a jikinta. Abokina mai gadon da ke kusa da taga, kai da ka yi shekara biyu kana tambayata hoton kofi, ka zo bayan karatun dare ka gani.